Gurbin Yatsan Gwaggo

A zauren gidanmu na Ketaren Gwari a Minna akwai wani faffaɗan katako da aka kafe a bango, tsawonsa ya kai na ƙyauren ɗaki idan an kwantar da shi. A jikinsa aka zana hanyar da kakana ya bi zuwa Makka ta ƙasa, tun zamanin da talaka bai san jirgin sama ba. Daga wannan gefe ga tashar jirgin ƙasa ta Minna da hayaƙinta, sai Kano, sai Maiduguri, sai hanya ta ratsa Cadi ta faɗa Sudan, ta wuce Alfashir da Ubayyid da Kartum, har bakin Bahar Maliya inda wani jirgin ruwa mai kama da kwale-kwale yake jira. Can ƙarshe ga Ka'aba, baƙa ƙirin da ɗamararta ta ruwan zinariya.

Wanda ya zana shi abokin kakana ne, wani Gbagyi Kirista mutumin Maikunkele, da yake zanen bayan manyan motoci da hotunan coci. Bai taɓa wuce Kaduna ba. Kaka ya zauna yana ba shi labari, shi kuma yana shafa fenti, suna gardama kan yawan raƙuma. An ce da suka zo tsakanin Alfashir da Ubayyid kaka ya ce a nan matarsa ta rasu aka binne ta a gefen hanya. Mai zane ya ce bari ya sa alamar kabari. Kaka ya ce a'a, ba a zana kabari. Sai aka bar wurin rawayar ƙasa kawai, babu ko itace.

Gwaggo, yayar mahaifina, tana ƙaramar yarinya aka yi tafiyar da ita, kuma a gaban idonta aka binne uwar tata. Tun da na yi wayo nake ganinta kowace safiya bayan ta idar da salla tana fitowa zaure, ta ɗora yatsa a kan wannan fili na rawaya, ta yi addu'a a hankali tana murza wurin. Shekara da shekaru tana haka, har fenti ya goge, katako ya lotsa ya yi santsi kamar cikin ludayi. Da idonta ya tafi ba ta nemi taimakon kowa ba. Takan lalubo tashar Minna, ta bi hanya da hannu har yatsanta ya faɗa gurbin da kansa. Wannan gurbi shi ne iyakar kabarin da take da shi na uwarta.

Bara wasu matasa suka zo da takardu, suka ce suna shirya baje kolin kayan ibada domin jawo masu yawon buɗe ido. Za a haɗa allunan zayyana, da gicciye na itace, da hotunan waɗanda suka je Urushalima, da tsarabar Makka, duk a wuri ɗaya, don Musulmi da Kirista su ga na juna. Gaskiya abin ya burge ni. Na ce ga inda katakonmu zai zauna daram, tunda hannun Kirista ya zana hajjin Musulmi. Gwaggo ma ta yarda nan take, ta ce a bar mutane su ga hanya, yaran yanzu sun ɗauka Makka bayan filin jirgin Maikunkele take, tunda daga hawa jirgi sai sauka.

Kafin su ciro shi na kama shugaban nasu, wani saurayi mai gilashi da ladabi kamar a goya shi, na nuna masa gurbin da yatsana.

Na ce, "Ƙanena, ka ga nan? Kada a goge, kada a shafa masa komai. Ko ƙura ce a bar ta."

Ya ce, "Haba Anti, babu matsala. Mu aikinmu ke nan."

Ranar buɗewa na yi wa Gwaggo wanka, ta sa fararen kayanta, muka hau keke napep. A ƙofar ɗakin taron an rataya ƙyalle da manyan baƙaƙe, wai wannan biki na kowa da kowa ne. Kowa da kowan nan kuwa a bene aka ajiye shi. Matakala ce doguwa mai kwana biyu, babu ko ƙarfen dafawa. A gindinta na tarar da wani dattijo daga Beji a keken guragu, an ce masa ya jira za a kawo masa hotuna a waya. Raina ya fara ɓaci tun daga nan. Sai da na roƙi direban napep ɗinmu da wani ɗan acaba suka ɗora Gwaggo a kujerar roba suka cicciɓa, tana riƙe da gefen kujera tana salati, mutane suna kauce mana kamar an kawo buhun doya.

Da muka shiga na hango katakon daga nesa. Sai sheƙi yake yi kamar sabuwar mota. An wanke shi, an ƙara wa raƙuma launi, an shafe shi da man ƙyalli, an kuma ja igiya a gabansa don kada a taɓa. Na matsa kusa na duba tsakanin Alfashir da Ubayyid. Babu gurbi. Sun cike shi, sun goge da sanfefa, sun shafa rawaya, har wani mai basira ya dasa 'yan itatuwan dabino guda biyu can gefe don kada fili ya yi yawa.

Na nemo saurayin. Ya taho yana washe baki, yana jiran godiya.

"Anti kin ga yadda ya dawo sabo? Akwai wani wuri da ya lalace sosai, amma mai gyaranmu ya iya aiki."

"Wurin da na nuna maka?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ai baƙi za su zo, Anti. Ba zai yi kyau a hoto ba."

Ban san lokacin da muryata ta cika ɗakin ba. Na ce masa wa ya gaya maka lalacewa ce? Wa ka tambaya? Mai abin tana raye, ga ta nan zaune, kun ɗauki allonta ba wanda ya durƙusa ya ce Gwaggo wannan ramin na mene ne. Kun rubuta kowa da kowa a ƙyalle, kun bar gurgu a ƙasa, kun sa igiya kun ce makauniya kada ta taɓa. Ya yi ta ba ni haƙuri, kuma na san har zuciyarsa yake ba ni, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ba mugunta ya yi ba, gani ya yi ya fi mu sanin abin da ya dace da kayanmu.

Gwaggo ta ja mayafina ta ce, "Ke, ya isa haka. Gidan mutane muke." Hayaniyata kawai ta ji, ba ta gane kan maganar ba. Ban gaya mata abin da ya faru ba, na ce dai cunkoso ya yi yawa, mu tafi gida.

Bayan mako aka dawo da katakon, da wata takardar yabo a cikin gilashi. Muka mayar da shi bango. Washegari da safe ina shara na ji sandarta tana tahowa. Na tsaya riƙe da tsintsiya. Ta lalubo Minna, ta bi ta Kano, ta ƙetara Cadi, yatsanta yana zamewa a kan santsin man. Ya wuce Alfashir, ya wuce Ubayyid, har ya kai bakin teku. Ta dawo baya a hankali. Ta sake komawa.

"'Yar nan, zo ki ɗora mini hannu a kan Inna."

Na zo na kama yatsan nata. Filin bai fi tafin hannu biyu ba, amma a ƙasa tafiyar makonni ce. Na girma ina ganin gurbin nan kullum, sai ga shi na kasa rantsewa ko kusa da dabinon yake ko gaba da shi. Kaka ya rasu, mai zane ya rasu. Na zaɓi wuri na ɗora mata.

Ta ɗan murza.

"Ba nan ba ne," in ji ta.

Na matsar da yatsan kaɗan. Ta girgiza kai. Na sake matsarwa. Sai ta zare hannunta daga nawa, ta buɗe tafinta gaba ɗaya ta shimfiɗa a kan rawayar, ta fara addu'a.