Takardar masarar da na kai 'Yankara

A shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, ina aiki a wani banki a Kaduna, irin wanda ba ya hulɗa da talaka, sai kamfanoni da manyan 'yan kwangila. Shekaruna ashirin da shida, ina da kwat biyu da ƙaramar mota, kuma duk ranar da na je gida Ƙanƙara sai an yanka kaza.

Wata safiya manajanmu ya kira ni ofishinsa. Ya ce ya ji dangina fataken hatsi ne. Akwai wani kamfanin abincin kaji da bankin ke da hannu a cikinsa, yana bukatar masara mai yawa, yana kuma tsoron tashin farashi. Don haka aka tsara wata takarda mai shafi shida da Turanci. Falke zai sa hannu tun farkon damina, a yanke farashin buhu, a ba shi ɗan kuɗin goro nan take. Da kaka, ko masara ta yi araha, kamfani zai saya a farashin da aka yanke. Ni kuma ina da kamasho a kan kowane sa hannu. Na karanta shafi na farko da na biyu, na ga abin alheri ne, na zuba takardun a jaka.

Na fara da Damari, wajen wani Alhaji, aminin mahaifina marigayi. Na tarar da shi a ƙofar gida ana gyaran garmar shanu. Na yi masa bayani, na buɗe takardar zan karanta, ya ɗaga hannu.

"Bar shi, ɗana. Ɗan aminina ba zai kawo mini abin cuta ba. Ina zan dangwala?"

Ya dangwala a kan buhu ɗari. Na fito ina jin aikin nan ba shi da wuya.

Ranar kasuwar 'Yankara na je rumfar kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya fi shekara talatin yana saye da sayar da hatsi. Bai yi boko ba. Ya saurare ni har na gama, yana gyara bakin wani buhu da basilla.

"Ya yi kyau," in ji shi. "To shafi nawa ka faɗa mini?"

"Wajen biyu, Kawu. Sauran maganar lauyoyi ce."

"Karanta mini maganar lauyoyin da Hausa. Yau kasuwa ba ta cika ba."

Na fara fassarawa. Shafi na uku ya wuce lafiya. A na huɗu na tsaya, domin akwai wata jimla mai tsawon layi tara da na kasa juya ta. Kowace kalma na san ta, amma da na zo haɗa su da Hausa sai suka ƙi zama. Na karanta sau uku a zuci.

Kawu ya ɗebo masara daga kwano, ya ware ta kashi uku a kan tabarma. Ya ce in riƙa faɗar jimlar gutsure-gutsure, shi zai riƙa ajiyewa. Muka ɗauki kusan awa guda. A ƙarshe ya nuna kashi na farko.

"In farashi ya sauka kaɗan, sun saya da tsada, na ci riba. Haka ne?"

"Haka ne."

Ya nuna na biyu. "In ya faɗi ƙasa sosai, ya wuce wannan iyakar da suka rubuta, takarda ta mutu, ina nan da masarata babu mai saye. Wato ranar da na fi bukatarsu, ba su nan."

Na duba takardar. Haka ta ce.

"In kuma ya tashi," ya dafa kashi na uku, "ba buhu ɗari zan kai ba, ɗari biyu ne, a tsohon farashi. Ɗari na biyun ina zan same su? A kasuwar nan, da tsada."

Na yi zaton zai yi fushi. Sai na ga fuskarsa ta washe irin ta mai kallon sabon injin niƙa. Ya sake jera ƙwayoyin, ya gwada ta wata hanya, ya girgiza kai.

"Wanda ya rubuta wanga abu yana da kai. Ina son in gan shi. Amma kai, a cikin cinikin nan, wakilin wa kake? Nasu ko namu?"

Ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Albashina daga banki yake, amma da fuskar mahaifina aka buɗe mini ƙofa a Damari.

Washegari ruwa ya ɓata hanya, na bar motata na hau bayan babur zuwa Damari. Na roƙi Alhaji ya ba ni masara tafi ɗaya, na ware masa kashi uku kamar yadda Kawu ya yi. Ya daɗe yana kallo.

"Me ya hana ka faɗa mini tun farko?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ka sayar mini da abin da ba ka sani ba?"

"Eh."

"To, ni ma na sayi abin da ban sani ba." Na ce zan nemi a soke, ya ce a'a. Ya riga ya dangwala, kuɗin goron ya zama takin zamani yana gona, kuma bai saba janye magana ba.

Da na koma Kaduna na tambayi manaja dalilin shafi na huɗu. Ya ji daɗin tambayar, har ya tashi ya zana mini a takarda. Ya ce babu wanda ke ba da kariya kyauta, ninkin nan shi ne kuɗin kariyar. Ya ce komai a rubuce yake, mutanen kuma 'yan kasuwa ne, ba yara ba. Na ce a rubuce yake da harshen da ba sa karantawa. Ya ce shi ya sa aka tura ni. Mutumin ba mugu ba ne, ya yarda da abin da yake faɗa, kuma wannan ya fi ɗaure mini kai.

Daminar nan ban taɓa kula da ruwan sama kamarta ba. Duk direban babbar mota da ya fito daga Faskari ko Sabuwa sai na tsare shi a tasha in tambayi yadda masara take. Na lura ina fatan wani abu da manomi ba ya fata: kada amfani ya yi ƙaranci, kada kuma ya yi yawa ƙwarai.

Haka kuwa aka yi. Farashi ya sauka kaɗan, kamfani ya aiko mota ya kwashe buhu ɗari a farashin da aka yanke, Alhaji ya ci riba. Ya shiga kasuwa yana sa mini albarka. Da na zo hutu, na tarar da mutane a zauren gidanmu a Ƙanƙara suna jiran ɗan banki mai takardar masara.

Na sa wa kaina ƙa'ida. Duk wanda ya zo, zan ware masa kashi ukun, sannan shi ya maimaita mini da bakinsa abin da zai faru in farashi ya tashi. Mafi yawansu da suka kai kashi na uku sai su nemi takalmansu. Wasu manyan fatake masu rumbuna cike sun sa hannu da saninsu, kuma har yau ban ga laifin wannan cinikin ba. Wani kuma ya ce rowa nake yi, na ba mutumin Damari na hana shi.

Manaja ya ga takardun da na kawo ba su da yawa. Bai yi mini faɗa ba. Ya mayar da ni sashen wasiƙun ƙasashen waje, ya tura wani abokin aikina da ba shi da kowa a yankin. Labarin ribar Alhaji ya riga shi isa, bai sha wahala ba.

Shekarar da ta biyo baya, ruwa ya ɗauke da wuri, masara ta yi tsada. Na ji wasu sun sayar da shanun noma don cika buhunan, wasu sun ƙi kaiwa har kamfanin ya gaji da zuwa kotu. Alhaji bai sake dangwalawa ba. Na ɗauka bayanina ne ya hana shi, amma ya ce ya tambayi malaminsu ne, malamin ya ce masa cinikin da mai sayarwa bai san adadin abin da zai bayar ba, a bar shi.

Na kan tambayi kaina ko da ya yi asara a shekarar farko, da mutane nawa ne ba su shiga ba. Shi dai bai taɓa kallon abin haka ba. Har ya rasu, duk kaka sai ya aiko wa mahaifiyata buhun masara, ya ce na ɗansa ne na banki. Takan yi mini tuwo da ita in na zo, tana ba baƙi labarin alherin da na yi a Damari. Ban taɓa gyara mata labarin ba, kuma ina cin tuwon.