Sunan da ke kan Hatimin Inna

Innata ba ta iya sa hannu ba, hatimi gare ta. Ɗan ƙaramin abu ne na tagulla, an sassaƙa sunanta a kai da Larabci a kasuwar Gadarif, tana ɗaure shi a bakin mayafinta. A shekarun da sukari ya yi wuya, sai da katin tamwin, wato katin rabon kayan masarufi na gwamnati, ake samun rabo, kuma duk wanda ya karɓa sai ya buga hatimi. Matan unguwarmu ba sa shiga layi. Tattara hatimansu suke yi su ba namiji ya karɓo musu, kamar aron rariya.

Namu ɗan baffana ke karɓowa, magidanci da gemunsa, mai gaisuwa har ƙasa. "Inna, kawo in hutar da ke," haka yake cewa. Wani lokaci hatimin ya kwana a aljihunsa, wani lokaci ya daɗe. Wa zai tambaya? Ɗan gida ne.

Gona ɗaya gare mu, a hanyar Ƙala'at an-Nahal, wadda Inna ta gada wajen mahaifinta. Tun da babanmu ya rasu, dawa da riɗin gonar nan muke ci. Da damina ta gabato muka je shara, sai muka tarar da tarakta a ciki. Wani ɗan kasuwa ya ce ai ya saya. Mai gonar da kanta ta zo, in ji shi, a lulluɓe, ta faɗi sunanta har zuwa kakanta, shaidu biyu suka tsaya mata, ta buga hatimi. Ɗan baffana ne ya kawo ta. Ko wace ce, har yau ban sani ba, kuma ban yafe mata ba.

Muka kai ƙara. Inna ta ɗauko maƙwabtanmu biyu, dattawan da suka san ta tun tana amarya. Alƙali ya dubi na farko ya ce, "Ka san matar nan?"

"Sarai kuwa, ranka ya daɗe."

"Mene ne sunanta?"

"Uwa."

Na biyun ma haka ya ce. To sunan kakarta Inna ta ci. Mahaifinta bai taɓa iya furta sunan tsohuwarsa ba, Uwa yake ce mata, gari duk ya ɗauka. Babanmu bai kira ba, mu 'ya'ya ina muka isa. Sunan yanka yana nan kan tagulla, ba a bakin kowa ba. Alƙalin ba ɗan ƙabilarmu ba ne, bai san wannan kunya ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sani ba. Shaidun wancan ɓangaren kuwa suka zubo sunan tiryan-tiryan, tun da karanta musu aka yi suka haddace. Masu gaskiya suka zama kamar 'yan haya, 'yan haya suka fita suna gyara rawani.

Aka yi ta ɗage zama har riɗin wani ya nuna a gonarmu. Dangi suka taru a zaure, ba don su ƙwato mana ba, don su ce a rufa asiri, zumunci ya fi gona. Na ji haushin maganar nan, wallahi har yanzu ina ji. Inna ta koma aikin lada a gonakin mutane, da furfurarta.

Ni dai a gidana takardar jinsiyya, wato ta shaidar zama ɗan ƙasa, da duk wani abu mai sunan mutum a akwati suke, makulli a jikina. Wanda ya ce in ba shi ya yi mini wani abu, sai in ce mu tafi tare. Ana ce mini mai baƙin hali. Na ji, na karɓa.

Ranar da Inna ta rasu, bayan an rufe ta, liman baƙo ne a unguwar, ya juyo ya ce a faɗa masa sunan mamaciyar zai yi mata addu'a. Jama'a suka shiga kallon juna. Na san sunan, amma bakina bai taɓa ɗaukarsa ba. Sai na ji murya daga bayan sahu ta faɗe shi cikakke, da na mahaifinta da na kakanta, ko gargada babu. Ɗan baffana ne. Liman ya ce masa Allah ya yi albarka, jama'a suka ce amin.