Badaru Mai Firij, Wanda Ya Sanyaya Mana Kwamfuta

Bakwai ba ta bugawa sai Malam Badaruddeen ya ɗaga ƙofar rumfarsa a Roxy, cikin Adjamé ta Abidjan, daidai inda gbaka, ƙananan bas ɗin haya, ke juyawa ana ihun fasinja. Ba ya zama. A tsaye yake shan shayi, kofi a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayan wani firij yana jin ɗumin kwamfreso, injin da ke matse gas. Kafin ya kai rabi ya ajiye kofin ya manta. Sai walda, sai ya faɗa woro-woro, tasin haɗaka, zuwa unguwar Liberté duba firizar mai kifi, sai ya dawo ya kwance abin da ya ɗaura da safe don wata ƙara ba ta yi masa ba. Matarsa Barakatu ta ce tun da ta aure shi bai taɓa gama cin abinci a zama ɗaya ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe rumfar. Shekara ashirin da biyu yana kallon wutar walda, yanzu ido ya ƙi. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ni da ƙanwata Ni'ima muna da ɗan shago a Belleville, muna mayar da tsofaffin kaset na bidiyo zuwa faifai. Damshin garin nan cin kaset yake yi, bikin aure ko suna ya yi fumfuna a cikin kwali. A 2005 kwamfutarmu takan ɗauki awa huɗu a kan kaset guda, amma a awa ta uku sai ta yi zafi ta ɗauke, a koma farko. Fanka uku muka jera mata, a banza.

Ni'ima ce ta gani a intanet cewa wasu suna sanyaya prosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da injin firij. Ta buga hotunan ta zagaya wurin masu gyara huɗu, duk suka yi mata dariya. Na biyar shi ne Badaru. Ya karɓi takardun yana tafiya yana dubawa, har ya fita titi ya dawo.

"Tonton, zai yiwu?" in ji ta, wato Kawu.

"'Yata, wannan ai firij ne da aka cire wa akwati. A matse gas ya zama ruwa, a tura shi ta siririn bututu cikin dunƙulen jan ƙarfe, ya tafasa a can ya kwashe zafi. Kullum shi nake yi. Nawa ne girman abin?"

Ta nuna masa da yatsu biyu.

"Wannan ɗan mitsitsin ne ke hana ku aiki? On va voir, za mu gani."

Bayan kwana goma ya kawo injin a kwali. Da ya kunna, bututun ya yi fari fat da ƙanƙara, muka yi ta tafi. Awa biyu bayan nan kwamfutar ta yi wani ɗan tas, ta mutu. Sanyi ya jawo raɓa, raɓar ta ɗiga a kan allon ciki.

Ina tsammanin zai ce kwamfutarmu ce tsohuwa. Ya durƙusa ya shafa allon, ya dubi yatsansa a jiƙe.

"Laifina ne," ya ce. "Na yi tunanin zafi, na manta da iskar Abidjan."

Ni'ima ta shige ciki tana share ido. Shi kuma ya bi kasuwar Adjamé rumfa rumfa har ya samo wani allon. Sati uku yana gwaji a kan matattun alluna: ya naɗe bututu da baƙin soso, ya shafe gindin prosesa da man giris, ya kunna, ya zagaya, ya kwance, ya sake. Barakatu ta ce ko a masallaci ƙafarsa na rawa. Na biyun da ya kawo ya sauka ƙasa da sifili da digiri talatin, ko ɗigo babu. Muka ƙara wa prosesa gudu, kaset ya koma awa biyu da rabi. Daga baya ya ƙera wasu tara, akwai na mai zanen gini a Treichville, akwai na masu ɗab'i.

Kai ne, Tonton, wanda bai yi boko mai nisa ba amma ya karanta hoto ya fitar da inji. Kai ne ka ɓata, ka ce ni na ɓata, ka tsaya ka gyara.

Sai watan Maris na bana, da gari ya rikice kan zaɓe. Mutanenmu suna ta haɗa kaya za su bar Abidjan, mota ba ta ɗaukar fiye da jaka ɗaya ga kowa. Kaset suka cika mana shago. Hajiya Zalihatu, wata makwabciyarmu, ta kawo guda shida, duk na marigayi mijinta ne, motarsu kuma jibi za ta tashi zuwa Zinder.

"Ƙananan yaran ba su san fuskarsa ba sai a nan," ta ce. "Don Allah, ɗan nan."

A ranar injin ya zubar da gas. Na kira Badaru don ya gaya mini dabara ta waya kawai.

"Dabara ba ta cika gas," ya ce. "Zo ka riƙe mini jaka."

Babu gbaka, babu woro-woro. Da ƙafa muka taso daga Adjamé da hantsi, shi da tukunyar gas a kafaɗa, ni da jakar bututu. Kafin gada muka tarar da shinge, matasa da sanduna. Suka karɓi katin shaidarmu, suka karanta sunayenmu na Musulmi a hankali, suka dubi juna. Ɗaya ya zazzage jakar, bututun jan ƙarfe da wayoyi suka zube a kwalta.

"C'est quoi ça, le vieux?" ya ce, wato mene ne wannan, tsoho. "Bom ne?"

Badaru ya ajiye tukunyar ya ce da shi cikin Faransanci, "Ba ni makullin da ke wuyanka." Ya kifa tukunyar, ya ɗan murɗa bakinta, ya fesa wa makullin. Nan take ya yi fari. Ya miƙa masa. "Taɓa."

Saurayin ya taɓa, ya yarfe hannu. "C'est glacé! Ƙanƙara!" Sauran suka fashe da dariya, kowa na son ya taɓa. Suka mayar mana da kati.

Muka ƙarasa Belleville. Ko ruwa bai sha ba ya gano inda ya tsage, ya yi walda, ya cika gas, ya tsaya a kan injin yana zagaye har ƙanƙara ta fito. Kwana tara ya yi a shagonmu, hanya ta rufe bai iya komawa gida ba. Mun fitar da kaset arba'in da ɗaya. Na Hajiya Zalihatu muka fara yi, ta cusa faifanta shida a cikin zani ta hau mota. Bayan Salla ta kira daga Zinder, ta ce autarta ta tsaya a gaban talabijin tana tambaya, "Wannan mai dariyar ne Baba?"

Tonton Badaru, mai hannun sanyi a garin zafi, mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya haskaka maka idanunka, Ya saka wa Inna Barakatu da ta kwana tara ba ta san halin da kake ciki ba sai ta waya.

Ku kuma masu sana'a, na Adjamé da na Treichville, in an kawo muku abin da ba ku taɓa gani ba, ku duba kafin ku yi dariya. In kun ɓata, ku faɗa. Shi kuwa ya ce ido ne ya tafi, baki yana nan. Gidansa yana Liberté, mai koriyar ƙofa a bayan masallaci. Duk mai son koyo ya je da safe, ya tafi da tsohon kwamfreso da hannuwansa biyu.