Motar Baba ta tsaya a Malumfashi

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtua, ni da mahaifiyata, a tsohuwar a-kori-kurar da Baba ya bari. Gozaki muka nufa, garin su Baba. Shi ya shuka masarar bana da hannunsa, bai ga ko bunƙasarta ba Allah ya karɓi abinsa. Wannan ce fitar Inna ta farko tun da ta gama takaba, kuma abu ɗaya ta roƙe ni: ta shiga garin mijinta a cikin motar mijinta. Da aka zo rabon gado yayyena sun so a sayar da motar, ni na kafe a sa ta a kasona, na yi wa Inna alkawarin zan riƙe ta yadda ya riƙe ta.

A gidan mai na bayar da kuɗin da a da ke cika tanki, allurar ko rabi ba ta kai ba. Muka kama hanyar Bakori. Kaka ta yi kyau, sai godiya. Ko'ina an shanya masara da barkono a gefen kwalta, 'yan acaba na wuce mu da buhu uku uku, har ba ka ganin mai tuƙin sai ƙafafunsa. A Bakori na sayo ƙosai mai zafi. Inna ta ci biyu, ta ce na Gozaki ya fi, kamar yadda take faɗa a kan komai, har ruwan sama.

Bayan Bakori ne na fara jin sitiyari ya yi nauyi. Gaskiya ba ranar ya fara ba, ya yi makonni yana min haka ina cewa tsufa ne. Irin waɗannan motocin ba su da na'urar da ke sauƙaƙa juyi. Wani ɗan akwatin ƙarfe ne a ƙasa, da haƙora a ciki, sai ƙarfin damtsenka. Tun ina yaro akwatin nan yake ɗigar da mai, kuma duk Juma'a sai Baba ya buɗe bonet ya ƙara masa. Ni kuwa abin kunya yake ba ni, mota tana ɓata ƙofar gida. Ana yin sadakar arba'in na sa aka wanke akwatin aka danƙara masa giris mai kauri, irin wanda ake sa wa kan taya. Ɗiga ta tsaya cak. Har yabon kaina na yi, wai na gyara abin da ya gagari tsoho.

A wata kwana kafin Malumfashi na juya, sitiyarin ya cije. Saura ƙiris mu faɗa gonar auduga. Inna ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi. Da na samu na tsayar da motar, ta ce akwai wani tsohon makanike a bayan kasuwar Malumfashi, shi kaɗai Baba yake yarda ya taɓa masa sitiyari. A hankali muka lallaɓa, masu keke suna wuce mu.

Tun kafin in kashe injin tsohon ya taso daga kan benci yana dariya. Idonsa ya yi rauni, da ƙara ya gane motar.

"Alhaji! Sai yau? Na ce ko ka yi sabuwa ne ka manta da mu."

Ya leƙo ta taga ya ga ni ne. Wata biyar da rasuwar, babu wanda ya tuna ya aika masa. Inna ce ta faɗa masa. Ya cire hularsa ya mayar, ya durƙusa a gefen ƙofa ya yi mata gaisuwa, ya daɗe yana addu'a. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da ya kwance akwatin, sai ya lakato giris ɗin da yatsa ya murza a tafin hannuna. Garin ƙarfe ne ke ƙyalli a ciki.

"Ɗana, wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Ni na ba kaina, Baba. Ɗigar ce ta dame ni."

"Ai mai ɗiga da sauran mai a cikinsa. Giris mai kauri, haƙoran na juyawa sai su ture shi gefe, ba ya komowa, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Man giya mai nauyi ake zuba wa wannan. In roba ta tsufa tana yoyo, sai a dama shi da giris mai laushi ya yi kamar kunu, yadda zai riƙa gangarowa. Mahaifinka ya san haka."

Ya shiga rumfa ya ɗauko wani galan, rabinsa da irin wannan haɗin. Na mahaifina ne, a nan ake haɗa masa yana ɗiba yana kaiwa gida. Amma haƙoran sun riga sun cinye. Ya ce ba zai bar ni in ɗauki Hajiya a cikinta ba ko nan da tasha. Zai sa a cigita masa akwati na hannu a Kano, sai dai bai yi min alkawari ba, don irinsu sun yi wuya.

A motar haya muka ƙarasa Gozaki ta Kafur, mu huɗu a kujerar baya da buhun gishirin wani a ƙafafunmu. Dangi sun tarbe mu da kyau, an kawo fura da tuwon masara sabuwa, na gonar Baba. Kowa ya gaishe mu sai ya ɗan kalli bayanmu, yana neman motar. Inna ce ke amsa musu, tana cewa tana wajen gyara, ba ta taɓa cewa ni ne sila ba. Da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi.

La'asar sakaliya muka dawo Funtua. Abin da na koya, jama'a, in kun gaji wani abu a hannun babba, ku tambayi waɗanda suka yi aiki da shi kafin ku ce za ku gyara. Ni tambaya ɗaya ce ban yi ba.

Keke Napep ya sauke mu a ƙofar gida. Ƙannena mata suka fito da gudu jin tsayuwar abin hawa, suka ga mu biyu ne da ƙullin ɗanwake da aka ba mu tsaraba. Inna ta miƙa musu, ta juyo ta ce da ni, "Gobe ka je ka shaida wa yayyenka da bakinka, kada su ji a waje." Ta shige ɗaki ta sakaya ƙofa.