Simintin Ɗakin Gwaggo

Ni ba ɗan Wudil ba ne, a Lajawa aka yanke mini cibiya. Amma ƙanwar mahaifina tana zaune a Wudil ɗin, a wata tsohuwar unguwa ta gangaren kogi, nakan kuma leƙa ta jefi-jefi. Shekarar da aka yi mana ƙarin albashi, lokacin da arzikin man fetur ya sa kowane ƙaramin akawu irina yake jin kansa wani ne, na hau sabon babur daga Kano na je gaishe ta.

Unguwar ta ba ni tausayi, ta kuma ba ni kunya. Lungunan matsattsu ne, sai da na sauka na tura babur ɗin. Katangu sun zaizaye, indararo ya karkace, zaurukan da a da suke cika da hira babu kowa sai tsofaffi da awaki. Majiya ƙarfi duk sun tafi birni leburanci wajen 'yan kwangila. Gida biyu ko uku ne kawai ke ƙyalli da kwano da siminti, su ake nuna wa baƙo.

Gwaggo ba ta da ɗa, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Na same ta tana shafa bangon ɗakinta da tafin hannu tana neman tsaga. Haka take yi kowace bazara, inda ta ji rauni sai ta kira magini ya yi yaɓe, ya bi da makuba kafin ruwa ya sauka.

Na ce, "Gwaggo, wannan wahala ta ƙare. Siminti za a shafa, a huta."

Ta ce, "Ɗan nan, ginin ƙasa sai ana ganinsa. In ka rufe shi, ta ina zan san inda yake ciwo?"

Dariya na yi, ni mai ilmin boko. Tsohon maginin unguwar ma ya ja ni gefe ya ce siminti ba ya kama ƙasa, na ɗauka abincinsa yake karewa. Na kawo birkila daga Kano, kwana uku aka gama. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo, kaina kamar zai fashe. Gwaggo ta sa mini albarka, ta ƙulla mini daddawa da kuka.

Damina biyu bangon yana nan sumul. Ashe ruwa na bi ta saman gini yana shiga tsakanin simintin da ƙasar, ba hanyar fita, ba rana ta busar. Gwaggo kuwa ta daina shafa bango, tunda babu abin da hannu zai ji.

A damina ta uku, cikin marka, ranar wata Juma'a, tana zaune a ɗaki tana kaɗi, bangon gabas ya zube, azara ta biyo shi. Maza suna masallaci. Kafin su sauko su tone, rai ya yi halinsa.

Washegari na iso, an riga an kai ta. Na tsaya a kangon na daɗe. Ƙasar ta kwaɓe kamar kunu, simintin kuwa ga shi nan falle-falle, da kyansa. A wurin zaman makoki maginin nan ya yi mini gaisuwa bai ƙara komai ba, har yau kuwa na gwammace a ce zagina ya yi. Sauran jama'a kowa ya zo sai ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya saka maka, duk dangi kai ne ka gyara mata ɗaki."

Ni kuma ina cewa amin.