Fiffiken da Na Yaga a Gaban Ɗalibai

Na yi shekara ashirin da wani abu ina koyarwa, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma ranar da na yaga fiffiken jirgin wata ɗalibata ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ina koyar da zanen fasaha a wata sakandare da ke Shango, a nan Minna, shekarun da wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa. Aka shirya gasa tsakanin makarantu: kowace ta haɗa ɗan ƙaramin jirgin sama da za a cilla da hannu a ga nisan da zai yi. Masu gasar suka aiko mana da balsa, wani katako mara nauyi da ko farce yana shiga jikinsa. Na raba wa ɗalibai shida falle bibbiyu, na ce kowa ya haɗo fiffike cikin mako biyu, wanda ya fi kyau shi za mu ɗora wa jirginmu.

Aikin ba wasa ba ne. Sai ka yanka ƙananan haƙarƙari da reza, ka goge su da sanfefa har su daidaita, ka jera su a kan doguwar sanda ka manne da gam, sannan ka lulluɓe da takarda mai shara-shara. Ni kaina na gwada a gida, nawa ya fito a karkace, na tura shi bayan kabad.

Cikin shidan akwai mace ɗaya, 'yar wani manomi daga Beji, tana zaune wurin yayarta a Limawa. Ba ta da surutu, makinta kuma tsaka-tsaki ne. Ranar kawo aiki ta shigo da nata a naɗe cikin zani. Ta buɗe shi a gabanmu. Fiffike ne miƙaƙƙe, takardar ta ɗame kamar fatar ganga, ba ko ɗigon gam a waje.

Maimakon in yi murna, sai na ji wani abu daban a raina. Yanzu na san sunansa hassada. A lokacin kuwa ce wa kaina na yi gaskiya nake karewa.

Na ce, "Wa ya yi miki wannan?"

Ta ce, "Malam, ni na yi."

"Ƙarya kike. Saye aka yi, ko wani ya haɗa miki."

Ta buɗe baki za ta yi magana, na ɗaga mata hannu. Na ce ai cikinsa zai faɗi gaskiya. Na sa babban yatsa na huda takardar, na ja ta tun daga wannan baki har wancan. Na ji ƙas, sandar tsakiya ta karye a hannuna.

Sai ga haƙarƙarin a jere, kowanne da lamba da fensir, da irin rubutunta da nake gani kullum a littafi. Biyu daga ciki da busasshen jini, inda reza ta yanke ta. Huɗun ƙarshe ma ba balsa ba ne. Katakon ya ƙare mata, sai ta fere ɓargon karan dawa ta cike da shi, ta goge har ba ka bambancewa. Na dubi yatsunta, biyu a ɗaure da tsumma.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne abin da na yi bayan nan. Yara biyar suna kallona, na kasa cewa na yi kuskure. Sai na tura mata tarkacen na ce, "To, je ki gyara." Saura kwana biyu gasa, kuma ba sauran balsa. Ta tattara ta naɗe a zaninta, ta ce, "To, Malam." Ba ta yi kuka ba. Ba ta sake zuwa wurin aikinmu ba, shekarar da ta biyo baya kuma ta sauke darasina gaba ɗaya. Muka je gasa da fiffiken wani yaro, jirgin ya yi taku kaɗan ya kifa.

Bayan shekara bakwai na hau Keke Napep zuwa Limawa, sai na ji wata mata da goyo a gefena ta ce, "Malam, ina wuni?" Ita ce. Ta ce ɗinki take yi yanzu. Na yi ta juya maganar a baki har muka kusa inda za ta sauka, sannan na ce, "Ki yafe mini abin da na yi miki ranar nan."

Ta ce, "Ya wuce, Malam. Da ma a ce kun sa ni in yanka haƙarƙari ɗaya a gabanku. Rezar tana cikin jakata ranar."

Ta sauka ta tafi. Ban san abin da za ta zama ba da na bar ta ta yi magana, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na koya dai shi ne, in ɗalibi ya kawo aikin da ya fi ƙarfin tsammanina, tsammanina zan fara tuhuma, ba shi ba. In kuma na yi kuskure a gaban mutane, a nan gabansu zan ba da haƙuri, tun yana da amfani.