Mutumin da Ke Kashe Mana Wuta

"Yaya, ka mayar min da layina."

"Ba zan mayar ba."

"Ga koriyar fitila can ina gani a jikin akwatin baturan. Da sauran wuta a ciki."

"Da saura. Ba taka ba ce."

Ɗantani mai ƙanƙara ne tsaye a ƙofar ɗakin batura na Utai, bayan la'asar, cikin azumin bara. Wanda ya tare ƙofar wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Malam Nu'uman. Babban layin da ke kawo wuta daga Kano ya ɗauke tun farkon mako. Firizojin Ɗantani sun fara zubar da ruwa, gari kuma na jiran ƙanƙarar buɗe-baki.

"Da Inna na raye ba za ka yi min haka ba."

"Da tana raye ita ma sai na kashe mata fanka."

Ƙanƙarar ta narke. Ɗantani bai sake taka gidan wansa ba, ko da sallah.

A kan Nu'uman ɗin nake rubutu. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Da can cajin batirin mota yake yi a bakin titin Wudil. Da aka kafa mana farantan sola da ɗakin batura, aka haɗa su da babban layi, sai aka ba shi tsaro. Tsarin mai sauƙi ne. In akwai rana ko an kawo wuta, batura su cika. In an ɗauke, su riƙe gari. Sai dai batirin da aka tatse ƙarƙaf ba ya komawa yadda yake. Dole wani ya tsayar tun da saura.

Yana idar da asuba yake goge farantai. Na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tuntuni, don haka buhunan algarara yake jiƙawa ya rataya a tagogi, in sun bushe ya sake. Yakan bi baturan yana ɗora musu bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin yaro. In wuta ta yi ƙasa sai ya fara sauke layi: firizoji, gidan kallon ƙwallo, sannan gidajenmu, har da nasa. Famfon burtsatse da ƙaramin asibiti kaɗai ba ya taɓawa.

Marowaci muke kiran sa. Yara suna bin sa da waƙa. An taɓa jifan rufin ɗakin yana ciki.

Akwai wani ƙauye gabas da mu da aka kafa wa irin wannan ɗaki a shekara ɗaya da namu. Mai tsaronsu mutum ne mai kunya, ba ya iya cewa a'a. Kowa na son sa. Baturansu suka kumbura, suka mutu. Yanzu harawa ake ajiyewa a ɗakin, matansu kuma nan Utai suke zuwa ɗiban ruwa da haihuwa.

Na tambayi Malama Safiyya, ma'aikaciyar asibitinmu, abin da ta gani a makon rigimar ƙanƙara.

"Jarirai biyu ne a kan na'urar taimakon numfashi," in ji ta. "Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Ɗaya ya rayu."

"Ɗayan fa?"

"Ba rashin wuta ne ya kashe shi ba. Abin da zan iya ce maka ke nan."

Malam Nu'uman, kai ne ka ɗauki baƙin jinin da ya kamata mu raba mu duka. Kai ne mai cewa a'a a garin da kowa ɗan'uwan kowa ne. Ka sha ruwan ɗumi da buɗe-baki kamar yadda muka sha, ka rasa ƙaninka a kan haka, ba ka taɓa tsayawa a masallaci ka kare kanka ba. Mun gode. Mun makara, amma mun gode. Allah Ya saka maka, Ya daidaita tsakaninka da Ɗantani.

Idon Malam Nu'uman ne ya raunana, shi ya sa zai ajiye aikin. Ba ya ganin lambobin jikin akwatin sai ya kusan manna fuskarsa. Waɗanda suka kafa ɗakin sun daɗe da tafiya, babu mai kawo mana wasu batura. Waɗannan su ne na ƙarshe, kuma zafi na tafe. Samarin Utai, muna da ido, mun iya karanta lamba. Ɗayanmu ya fito ya koya tun yana nan.

Ranar Juma'ar da ta wuce mai unguwa ya tara mu bayan masallaci a kan maganar magaji. An yi addu'a, an yi yabo, har waɗanda suka yi jifa sun ce amin. Nu'uman ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma.

"Aikin ba wuya, cikin mako guda zan koya wa mutum," ya ce. "Amma waye zai iya kallon idon ɗan'uwansa ya kashe masa wuta?"